Almakashin da ke cikin tsoka

Tunuga, a ƙasar Gaya ta Nijar, gari ne da ake cin abinci da ƙarfin damtse. Masunta na tuƙa kwalekwale a kogin Kwara, manoman shinkafa na fama da laka a fadama, masu dafa gishiri a kwarin Foga na jidar ƙasa da itace, 'yan dako na sauke buhuna a hanyar Kamba da ta Malanbil. In an kai amfanin gona gida, samari su share fili a yi kokawa. Duk wannan tsoka ce ke yin sa, kuma a jikin namiji baligi tsokar da ke motsa ƙashi ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, ƙwayar jikin da ke cikin damtse da wadda ke cikin hanta da ta ƙwaƙwalwa duk DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi, wanda mutum ya gada daga uwa da uba. To me ya sa ɗaya ta cika cikinta da aktin da mayosin, furotin biyun da ke jan juna har tsoka ta tsuke, sauran kuwa ba su san da wannan aiki ba?

Amsar farko ta fito a 1987 daga cibiyar Fred Hutchinson da ke Siyatil a Amurka. Harold Weintraub da Robert Davis da Andrew Lassar suka ɗauki ƙwayoyin jikin ɓera waɗanda ba ruwansu da tsoka, suka cusa musu ƙwayar gado guda ɗaya tak, sai ga su sun rikiɗe sun zama ƙwayoyin tsoka. Suka sa mata suna MyoD. Furotin ɗin da take samarwa ba ya ɗaga kaya, ba ya tsukewa. Aikinsa ya sauka a kan DNA, a bakin wasu ƙwayoyin gado, ya sa a fara karanta su. Irin waɗannan furotin su za mu kira makunnai a nan. Daga baya aka gano 'yan uwansa uku, Myf5 da mayojenin da MRF4. A 1989 ɗakin binciken Eric Olson a Hustan ya bayyana wani makunnin daban mai suna MEF2, wanda mutum ke da iri huɗu nasa, daga A zuwa D. A 1995 aka nuna cewa MyoD da MEF2 hannu suke haɗawa kafin su tayar da ƙwayoyin gadon tsoka, kuma a shekarar aka ga ƙudan da aka cire wa MEF2 tsokarsa ba ta nuna. Bayan shekara biyu aka cire wa ɓeraye MEF2C, sai suka mutu tun a ciki, zuciya ba ta gama ginuwa ba.

Da an tsaya nan, da magana ta ƙare: akwai makunnan tsoka, su ke yin tsoka. Sai dai MEF2 bai yarda da wannan sauƙin ba. Yana nan a ƙwaƙwalwa, yana cikin fararen ƙwayoyin jini, yana cikin ƙashi mai girma. Abin da ya fi wannan, yana cikin 'ya'yan tsoka tun suna ɗanyu, suna ta rarrabuwa, kafin lokacin nunarsu ya yi. Makunni ɗaya, wurare da yawa, kuma a wasu wuraren yana zaune a kan DNA amma shiru kake ji. Wani ɓangare na warwarar wannan yana cikin wani abin da aka gano shekara goma kafin MyoD.

A 1977 Phillip Sharp a MIT da Richard Roberts a Cold Spring Harbor, kowa da ƙungiyarsa, suka gano cewa ƙwayar gado ba a miƙe take ba. Gunduwa-gunduwa ce: wasu sassan na ɗauke da saƙo, waɗanda aka sa wa suna egzon, a tsakaninsu kuma akwai dogayen sassa da ake zubarwa, intiron. In za a yi amfani da ƙwayar gado, sai a kwafe ta duka zuwa RNA, sannan wata babbar na'ura ta furotin da RNA ta yanke intiron, ta haɗa egzon da egzon. Kamar tela ne da yadi. Yadin guda ne, amma wanda ke riƙe da almakashi shi ke zaɓar ƙyallen da zai shiga ɗinki da wanda zai faɗi ƙasa, kuma daga yadi ɗaya yana iya fitar da riga yau, gobe ya fitar da wando. Wannan zaɓi a wajen yanka da haɗawa shi ne ɗinkin zaɓi. Sharp da Roberts sun sami kyautar Nobel a 1993. A 2008 wasu bincike biyu suka nuna cewa kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon mutum masu egzon fiye da ɗaya ana yi musu ɗinki fiye da iri ɗaya, wanda ya taimaka wajen fahimtar yadda ƙwayoyin gado kusan 20,000 kacal suka isa gina mutum.

Ɗinkin zaɓi a kan furotin na aikin ƙarfi, irin su tiroponin, yana canza furotin ɗaya ne. Amma in aka yi shi a kan makunni, duk ƙwayoyin gadon da ke ƙarƙashin makunnin nan, ɗaruruwa, sun shiga ciki. Shi ya sa labarin MEF2D ya cancanci a zauna a kansa.

A cikin ƙwayar gadon MEF2D akwai egzon biyu maƙwabta, alfa-1 da alfa-2, kuma ba sa haɗuwa a ɗinki ɗaya: in wannan ya shiga, wancan ya fita. Alfa-1 ake samu kusan ko'ina a jiki. Alfa-2 na tsoka ne, kuma ba ya bayyana sai 'ya'yan tsoka sun kama hanyar nuna. A 2013 ƙungiyar Jeffrey Dilworth a Otawa, ƙasar Kanada, ta auna su biyun a ƙwayoyin da aka rena a kwano da kuma a jikin ɓeraye. Abin da mutum zai fara zato shi ne kowanne na da ƙwayoyin gadon da yake sauka a kai. Ba haka aka samu ba. Galibi wuri ɗaya suke sauka. Bambancin yana wajen waɗanda suke gayyatowa bayan sun sauka. A cikin guntun da alfa-1 ke bayarwa akwai gurbin da wani inzayim mai suna PKA ke maƙala fosfat. Da zarar an maƙala, sai furotin masu danne karatu su taru a kansa, DNA ya ƙara ɗaurewa a jikin furotin ɗin da yake naɗe a kai, ƙwayar gadon ta kasance a rufe. Guntun alfa-2 ba shi da wannan gurbin. PKA na nan yana aikinsa, amma bai sami inda zai kama ba, sai MEF2D ya jawo wata ƙungiyar furotin mai ɗauke da Ash2L, wadda ke sa alamar buɗewa, a fara karanta ƙwayoyin gadon da tsoka ke buƙata a ƙarshen nunarta. Ƙwayar gado ɗaya ta haifi 'ya'ya biyu masu ja da juna, ɗaya na hanawa, ɗaya na turawa.

A ganina hikimar tana wajen lokaci. Nunar tsoka hanya ce da ba a dawowa. 'Ya'yan tsoka sai sun yawaita tukuna, sannan su daina rarrabuwa, su jeru, su narke cikin juna su zama dogon sili ɗaya mai cibiyoyi da yawa. In suka yi gaggawa, ba su kai yawan da za su gina damtse ba. In suka makara, rauni ya daɗe bai warke ba. Da jiki zai jira sai ranar buƙata sannan ya fara ƙera sabon makunni daga wata ƙwayar gado, da ya bar wuraren a buɗe ga kowa kafin ranar. A wannan tsari kuwa alfa-1 na zaune yana tsare wurin a rufe, in lokaci ya yi a sauya egzon ɗaya, wanda ya gaje shi ya buɗe. Ba a cikin mahaifa kaɗai ake wannan ba. Tun 1961 Alexander Mauro ya ga wasu ƙananan ƙwayoyi kwance a gefen silin tsoka, suna barci. In ɗan kokawa ya yage tsoka, ko mai dako ya yi targaɗe, su ke farkawa su yawaita, su bi matakan nan daga farko.

MEF2 na da wasu guntaye biyu da ake yi wa irin wannan zaɓi. Ƙungiyar Tod Gulick ta nuna a 2004 da 2005 cewa wani ɗan egzon, beta, wanda bai kai amino asid goma ba, yana ƙara wa makunnin ƙarfi sosai, kuma a tsoka da ƙwaƙwalwa aka fi saka shi; wani sashen kuma, gama, a cikin MEF2C, rage masa ƙarfi yake yi in an bar shi.

Saura wanda ke riƙe da almakashin. A 2014 ɗakin binciken Thomas Cooper a kwalejin Baylor da ke Hustan, sannan a 2015 na Davide Gabellini a Milan, suka nuna cewa wasu furotin masu kama RNA, Rbfox1 da Rbfox2, su ke tura ɗinkin MEF2D zuwa alfa-2. Suna neman wata gajeriyar alama ce ta harufa shida a jikin RNA, UGCAUG. Inda alamar take shi ke yanke hukunci: in tana bayan egzon, galibi a saka shi, in tana gabansa, galibi a tsallake shi. Da su Cooper suka rage Rbfox2, 'ya'yan tsoka sun fara nuna amma sun kasa narkewa cikin juna. Sun kuma ga cewa Rbfox2 ba MEF2D kaɗai yake taɓawa ba. A lokaci guda yana sauya ɗinkin wani inzayim, Rock2, wanda sai ya lafa kafin ƙwayoyin su haɗe. Hannu ɗaya ke buɗe wancan yana sassauta wannan, don kada ɗaya ya riga ɗaya. Akwai ma inda abin ya zagayo: wani inzayim na tsoka, SRPK3, wanda ke taimaka wa ɗinkin alfa-2 a MEF2C, shi kansa MEF2 ne ke kunna ƙwayar gadonsa. In tafiya ta fara, ita ke ƙara wa kanta gudu.

Wannan batu na SRPK3 daga binciken sankara ya fito. Akwai wata sankarar yara mai suna rabdomayosakoma, wadda ƙwayoyinta 'ya'yan tsoka ne da suka ƙi nuna, suna ta rarrabuwa, alhali MyoD na cikinsu. A 2015 ƙungiyar Judith Davie a jihar Ilinoi ta ga cewa MEF2C ɗinsu ya maƙale a alfa-1. Da aka ba su alfa-2 a kwano, sai suka rage rarrabuwa suka kama hanyar zama tsoka. A zuciya ma an ga makamancin haka. A 2016 ƙungiyar Yibin Wang a Los Anjelas ta ruwaito cewa Rbfox1 na raguwa a zuciyar da ta gaza, ta mutum da ta ɓera, ɗinkin MEF2 ya koma irin na jariri, kuma da aka mayar da Rbfox1 a zuciyar ɓeraye ta fi jure matsi.

Mai karatu a Tunuga zai so ya ji ina motsa jiki ya shigo. Tun da aka fara gasar takobin kokawa ta ƙasar Nijar a Tawa a 1975, jihar Doso ta fitar da gwanaye, kuma ba wanda sunansa ya kai na Kadri Abdu, wato Isaka Isaka, da ya ɗauki takobin sau da dama. Jikin irin waɗannan daban yake da na masuncin da zai wuni yana tuƙi bai gaji ba, ga shi siriri. A 2012 Jorge Ruas da Bruce Spiegelman a Boston suka kawo wani bayani. Akwai furotin mai suna PGC-1alfa, mataimakin makunnai, ciki har da MEF2. Dogon nau'insa, wanda aka sani tun 1998, yana ƙara wa tsoka ma'aikatun da ke ƙona abinci da iska, abin da ke ba da juriya. Suka gano wani gajeren nau'i, na huɗu, da ke fitowa daga ƙwayar gadon nan in an fara karatu daga wani bakin kuma an yi ɗinki daban. Wannan yana ƙara IGF-1 mai sa tsoka kauri, yana rage mayostatin mai hana ta girma, kuma ɓerayen da aka ƙara musu shi sun yi tsoka da ƙarfi. Labari mai daɗi, har ya yi daɗi da yawa. Masu bincike a Suwidin da suka yanki tsokar mutane bayan atisaye sun ga gajerun nau'o'in na ƙaruwa ko da gudu aka yi ko ɗaga nauyi. Abin da ya tsaya daram shi ne aikin da mutum ya yi yau yana taɓa yadda ake ɗinka RNA a tsokarsa cikin sa'o'i kaɗan. Cewa nau'i kaza na ɗan kokawa ne, nau'i kaza na masunci, wannan ya wuce abin da hujja ta ba da.

Irin wannan taka-tsantsan ya kamata a yi da fannin baki ɗaya. A 2017 Michael Tress da abokansa a Madrid suka yi jayayya cewa in an bar RNA aka duba furotin ɗin da ke cikin jiki zahiri, yawancin ƙwayoyin gado nau'i ɗaya ne ke rinjaye, sauran ɗinkunan da yawa kuskuren na'ura ne da jiki ke sharewa. Na yarda da su a kan cewa adadin kashi 95 ya sa mutane zuzutawa. Amma ko a nasu ma'aunin, tsoka da zuciya da ƙwaƙwalwa su ne inda ɗinkin zaɓi ya fi tabbata, kuma alfa-2 ya cika sharuɗɗan da mai shakka zai gindaya: akwai shi a mutum da ɓera, yana fitowa a nama ɗaya a lokaci ɗaya, in an hana shi aiki ya tsaya.

Babu hujjar da ta kai cuta ƙarfi. A 1909 likitan Jamus Hans Steinert ya bayyana wata cutar gado da ke shanye tsoka, wadda alamarta ta farko kan fito a wajen gaisuwa: mutum ya ba ka hannu, ya kasa saki sai bayan 'yan daƙiƙu. Fatar ido ta sauko, yana ta rufe ido tun da ƙuruciya, bugun zuciya ya rikice, jiki ya ƙi jin insulin. An rasa abin da ya haɗa waɗannan. A 1992 aka gano cewa a ƙwayar gadon DMPK akwai harufa uku, CTG, da ke maimaituwa. A mai lafiya ba su wuce sau 37 ba, a marar lafiya daga 50 har dubbai, kuma suna ƙara tsawo daga uba ko uwa zuwa ɗa, shi ya sa cutar ke tsananta a jikoki. RNA mai wannan dogon maimaici yana dunƙulewa a cibiyar ƙwaya, ya riƙe wani furotin mai kula da ɗinki, MBNL1, ya hana shi fita aiki. Sai ɗinkin ƙwayoyin gado da yawa ya koma irin na tayi. Na mashigar kuloraid a fatar silin tsoka ya ɓaci, hannu ya ƙi saki; na makarɓar insulin ya ɓaci, sukari ya hau; an kuma sami MEF2 cikin waɗanda abin ya shafa. Duk ƙwayoyin gadon nan lafiyarsu lau. Almakashin ne aka riƙe.

A Turai ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 8,000 na da wannan cuta, amma a Afirka kudu da Sahara ba kasafai ake ruwaito ta ba. A 1995 Ralf Krahe da Tetsuo Ashizawa, tare da Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi na asibitin koyarwa na Ibadan, suka bayyana wani iyalin Yarabawa masu ita, kuma alamomin DNA da ke kewaye da maimaicin sun bambanta da na marasa lafiyar Turai, abin da ke nuna cutar ta taso ne a nan da kanta. An kuma ga cewa dogayen maimaici na masu lafiya, waɗanda su ke iya zarcewa su zama cuta, sun yi ƙaranci a Afirka. Wannan dalili ne na gaske. Sai dai a ƙauyen da likitan jijiya ke da nisan kwana, mai irin wannan rauni kan ƙare ne a wajen mai magani da sunan shanyewar jiki ko iska, ba ya shiga lissafin kowa.

Magani kuwa ya fara bin ta wannan ƙofa. A Disamba 2016 Amurka ta amince da nusinasen, wanda ya fito daga aikin Adrian Krainer: ɗan guntun abu mai kama da RNA da ke toshe wata alama don a saka egzon na 7 a ɗinkin SMN2, ga jariran da jijiyoyin motsa tsokarsu ke mutuwa. A shekarar aka amince da wani mai sa a tsallake egzon na 51 ga wasu masu cutar Duchenne. An tabbatar ana iya kama hannun mai almakashi. Lokacin da aka amince da nusinasen, kuɗinsa na shekarar farko ya kai dala 750,000, adadin da ba a ma kawo shi a hira a asibitin Gaya.

Inda wannan ilimi ya fi kusa da ƙofarmu shi ne ciwon zuciyar masu jego. Tun shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry suka rubuta yawansa a Zariya, suka ɗora laifi kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai zafi. A Sakkwato da Kano an sami kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a asibiti, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Arnaud Cénac a Yamai, sannan Farfesa Kamilu Ƙaraye a Kano, sun karkata hankali zuwa ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci da rama. A 2016 wani bincike kan mata 172 masu wannan ciwo ya sami kashi 15 cikin ɗari ɗauke da gurɓacewar gado mai datse furotin, mafi yawa a titin, ƙaton furotin mai egzon fiye da 360 da ke ba tsoka talala. Titin ba makunni ba ne, amma hukuncinsa na hannun ɗinki: wani furotin, RBM20, shi ke zaɓar egzon ɗin da za su shiga nau'in zuciya, kuma gurɓacewar da ta faɗa a egzon da zuciya ke sakawa kullum ita ke yin ɓarna, wadda ta faɗa a wanda ake tsallakewa sau da yawa ba ta yin komai. Matan da aka auna a wancan binciken daga Amurka da Jamus da Japan suke.